Ƴan zane ku zo, wane pinso zan saya kafin Asabar?

Rakiya ta Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum ƴan gurup. Don Allah shawara nike nema ga waɗanda sunka san harkar zane. Sati ukku ke nan da na shiga wani aji na koyon zane da fenti nan cikin garin Maraɗi, Asabar da Lahadi da sahe muke yi. Tun da munka fara kireyon kawai muke riƙewa, mushen ajinmu ya aje mana tulu da ƙwarya bisa tabur ya ce mu yi ta kallon inda haske ya faɗa da inda inuwa take, har na fara cewa ko kuɗina na zubar. To yanzu ya ce Asabar mai zuwa za mu shiga gwash, wato fenti mai kauri da ake damawa da ruwa, kowa ya zo da pinso nashi, wato buroshin zane. Na tahi babbar kasuwa na sayo fakiti mai guda 12 jikka ɗaya da rabi ina ta murna na yi araha, jiya da na gwada gida wallahi kamar kaza na fige bisa takardar, gashi ko'ina, shi kuma mai tsinin da ya sha ruwa sai ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Ina da ɗan kawu Yamai zai zo ran Alhamis, in ce ya sayo min masu tsada ko mi zan yi?

Abdul Zolaya: Araha ba ta ado ƙanwata 😂 guda 12 jikka ɗaya da rabi, ai ko asawaki ya kusa fin haka.

Mushe Laouali: Wa alaikumus salam Rakiya. Bar Abdul da surutunshi, kowa da fakitin nan ya fara, ni kaina har yau akwai ragowar nawa cikin gwangwani. Na daɗe ina koyar da yara zane, abin da zan ce miki shi ne guda ukku sun ishe ki shekara guda. Mai zagayen baki mai tsini lamba 4 ko 6, wani irinshi babba lamba 10 ko 12, sai mai faɗin baki guda ɗaya wanda faɗinshi ya kai kamar babban yatsanki don shafe sama da ƙasa. Duka na roba, wato nailan mai laushi, masu gajeren mariƙi tunda bisa tabur kuke aiki, masu dogon mariƙi na wanda ke tsaye ne gaban zanen yana ja da baya yana dubawa. Kuma kar lambar ta ruɗe ki, kowane kamfani da nashi awo, lamba 8 ta wannan tana iya zama daidai da 12 ta wancan, don haka da ido ake saye. In ɗan kawun naki zai sayo ki tura mishi hoto da tsabar dala ashirin a gefen pinson ya gane girman.

Rakiya ta Ali Ɗan Sofo: Na gode Mushe. Amma ta yaya zan gane na ƙwarai a shago, ai waɗanda na saya ma da tsininsu kamar allura lokacin da suke cikin leda

Mushe Laouali: Tsinin nan na yaudara ne, ƙaro ko sitati ake shafa musu a masana'anta don su tsaya. Sai kin murje shi da yatsu ya saki, ki tsoma a ruwa, ki yarfa sau ɗaya. Na ƙwarai zai koma ya haɗe baki ɗaya da kanshi, na banza zai rabu biyu ko ukku. Sannan ki kama gashin ki ɗan ja, in biyu ukku sun biyo hannunki ki aje. Ki duba wuyan ƙarfen nan da ya riƙe gashin, in kin ga layin haɗi a jikinshi kamar gwangwanin tumatir da anka naɗe, ko yana girgiza bisa icen, ba zai daɗe ba.

Moktar Kwalisa: Da girmamawa Mushe ban yarda ba. Mi ya sa kullum mu sai a ce mu fara da na roba? Wanda ya koyi tuƙi da akwalar mota ai akwalar tuƙi zai iya. Masu zanen gaske gashin dabba suke aiki da shi. Kolinsky, wata dabba ce mai kama da tunku da ke Siberiya, gashin jelarta ake ɗauka, shi ne sarkin pinso. Kamfanin Winsor & Newton na Ingila sun yi nasu pinson mai suna Series 7 tun 1866 saboda Sarauniya Biktoriya, lamba 7 take so shi ya sa sunan. Raphaël na Faransa ma tun 1793 suke sana'ar. Ki sayi guda ɗaya mai kyau ki huta, ya fi tarkace goma.

Abdul Zolaya: Sarauniya Biktoriya a Ali Ɗan Sofo 😂😂 Moktar kai da ko bangon ɗakinku ba ka taɓa shafawa ba

Moktar Kwalisa: Ina kallon masu yi a YouTube kullum, na san abin da nike faɗi

Mushe Laouali: Moktar abin da ka faɗa kan tarihin gaskiya ne, kuma gaskiya ne gashin dabba ya fi shan ruwa, don in ka duba shi da madubin ƙara girma yana da ɓawo-ɓawo da ke riƙe ruwa, nailan kuwa sumul yake. Mai akwarel, wato fentin ruwa mai shara-shara, da ya ƙware in ya riƙe na gashin kurege, wanda Faransawa ke kira peti-giri, zai shafe sararin sama duka da tsomi ɗaya. Amma yarinyar nan sati ukku gare ta. Za ta danna shi da ƙarfi, za ta dama fenti da shi, za ta manta shi cikin kofi, duk mai koyo sai ya yi waɗannan. Kuɗin babban Kolinsky guda ɗaya ya sayi takardar da za ta yi wata da watanni tana ɓatawa, kuma ɓata takardar shi ne koyon. Ga ƙwari, ni da kaina na aje na gashin kurege guda biyu cikin akwati da damina, da na buɗe bayan hutu sai ice da ƙarfe na tarar, asu ya yi sadaka da sauran.

Baba Sani Dekor: Salamu alaikum. Yaro ne ke rubuta min ina faɗa mishi, idona ba ya son ƙananan baƙaƙen waya. Ni ban shiga lakkwal ta zane ba, wajen maigidana na koya, shekara ta fi talatin ina rubuta allon shaguna da bayan manyan motoci a garin nan. Ɗiyata abin da Mushe ya gaya miki shi ne. Mu da munka tashi ba mu san sayen ƙaramin buroshi ba, abatuwar ake aikena in samo gashin cikin kunnen sa, a wanke da toka da sabulu, a jera kawunan wuri guda cikin ɗan bututu ana bubbugawa har su daidaita, a ɗaure da zare a cusa cikin gindin gashin tsuntsu, na agwagwa ko na talotalo, sai a soka ɗan ice. Da shi nike ja layi tun daga wannan kusurwa ta allo har waccan ban ɗaga hannu ba. Yanzu masu injin buga bash, wato babbar ledar talla, sun cinye kasuwar, kowa sai ya kawo hoto a waya a buga mishi, wata shidda rana ta cinye kalar ya koma fari fat, nawa kuwa akwai na shekara goma sha da ke nan ana karantawa.

Hadiza mai lalle: Allah ya ƙara lahiya Baba, wallahi rubutun hannu daban ne.

Abdul Zolaya: Baba to jar akuyarmu ta Maraɗi fa? Duniya ta san ta da fata, a ce ba ta da gashin pinso?

Baba Sani Dekor: Na gwada ɗana. Gashinta gajere ne ba ya kamuwa a ɗauri, na gemun bunsuru kuma ya yi kauri ga wari, ko ka wanke sau bakwai in ya jiƙa sai ya tuna maka da mai shi.

Nura ABU: Salam jama'a, ni ɗan Tibiri ne amma ina karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya. Maganar Baba ta burge ni domin Turawa ma haka suke yi da, cikin gashin tsuntsu suke ɗaure nasu, wuyan ƙarfen nan sai a ƙarni na 19 ya yaɗu, kuma shi ya sa mai faɗin baki ya samu sosai. Fentin cikin tub, wato ɗan bututun da ake matsewa, ma wani Ba'amurke John Rand ne ya ƙirƙiro shi a 1841, kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fentin mai. Batun akuya kuwa ƴan Sin suna yin burushin rubutunsu da gashin farar akuya mai tsawo, laushi gare shi sosai amma ba ya dawowa idan ka lanƙwasa shi. Wani abin dariya, akwai wanda ake rubuta gashin raƙumi a jikinsa da Turanci, babu raƙumi ko ɗaya a ciki, haɗin akuya ne da doki da kurege. Ina zargin irinsa Rakiya ta saya. Mu a nan shekarar farko burushi kaɗan ake nema, fensir da gawayi ne suka fi yawa, kuma sashen nan ne ya fitar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, don haka kada ki raina tulun da malaminku ya ajiye muku.

Rakiya ta Ali Ɗan Sofo: Yaya Nura ka kama ni 🙈 to cikin fakitin akwai wasu guda huɗu masu farin gashi mai tauri kamar buroshin wanke takalmi, su kuma na mi ne? su ba su zubar da gashi sosai ba

Nura ABU: Na fentin mai ne. Kuma kada ki tsorata, yawanci gashin alade ne.

Rakiya ta Ali Ɗan Sofo: Innalillahi!!! Ni da na lashi bakin wani da miyau don ya yi tsini

Abdul Zolaya: Shi ke nan Rakiya sai wankan tsarki da ruwan Madarunfa gaba ɗaya 😭

Hadiza mai lalle: Abdul ka ji tsoron Allah, yarinya na cikin tashin hankali kana wasa. Amma gaskiya a daina kawo mana irin wannan kasuwa ba a faɗa wa mutane, ni buroshin da muke shafa ƙwai bisa kek ma yanzu ya shiga raina.

Moktar Kwalisa: Haramun ne kawai a zubar, ba wani dogon zance

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Moktar a riƙa sassautawa wajen yanke hukunci. Mas'alar tana cikin littattafanmu na Malikiyya, a Muhtasar na Shehu Halil babin tsarki an kawo cewa gashi mai tsarki ne ko da na alade ne in an yanke shi ne, domin rai ba ya zama cikin gashi. Inda maganar take shi ne tushen da anka tumɓuke daga fata, shi ne ba shi da tsarki. Shafi'awa kuma sun ɗauki gashin gaba ɗaya najasa ne. Tunda mu ba mu san yadda masana'anta ta cire shi ba, ga kuma na roba mai tauri da ke yin aikin, barin abin da ke sa kokwanto ya fi kwanciyar rai. Rakiya ba ki da laifi bisa abin da ba ki sani ba, kurkure baki ya wadatar. Amma lasar pinso ki bar shi ko na mi ne.

Mushe Laouali: Malam ya gama magana, kuma lasar nan ko ta fuskar lahiya ba kyau, akwai kalolin ƙwararru da ake haɗawa da kadmiyom da kobal, guba ne. Wanda ke son ya tantance nashi ya ciro gashi ɗaya ya kusanta da ashana. Na dabba zai ƙone ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago ran layya ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule. Na alade kuma in ka duba bakin kowane gashi a rabe yake biyu ko ukku, wannan rabewar ce ke ɗaukar fenti mai kauri shi ya sa masu fentin mai ke son shi.

Malam Habibu: Wani abu Mushe, na ji ka ambaci ƙaro ɗazu. Wai gwash ɗin nan da shi ake yi?

Mushe Laouali: Shi ne fa Malam, gwash da akwarel duka ƙaro ne ke riƙe garin kalar, irin na dakwara da ke dajinmu, ana kwasa daga Sudan da Cadi da nan yankin a kai Turai a dawo mana da shi cikin tub. Da tawadar allo da gwash uwarsu ɗaya, shi ya sa duka biyun in sun bushe ka sa ruwa suke tashi.

Malam Habibu: Ikon Allah. Ashe masu zayyanar allon sauka ƴan uwanku ne, su da alƙalamin gamba suke fitar da abin da ido ba ya gajiya da kallo.

Nura ABU: Rakiya idan kun gama gwash ki matsa wa malaminku ku shiga akirilik, wato fentin da in ya bushe yake zama kamar roba, shi ake yayi yanzu, yana kama kyalle da katako da bango, kuma ruwa ba ya wanke shi.

Mushe Laouali: Nura a yi hankali, Zariya ba Maraɗi ba ce. Nan a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, da hunturu kuma iska busasshiya ce ƙayau, akirilik kafin ka juya ka amsa sallama ya yi fata bisa faranti. Kuma in ya bushe a gindin gashi wajen wuyan ƙarfe ya zama roba, pinson ya baje ke nan har abada. Na ga ɗalibi ya kashe guda ukku a zama ɗaya. Mai koyo ya zauna ga gwash tukuna, in ta manta ba ta wanke ba gobe ruwa zai tashe shi. In lokacin akirilik ya yi sai ta nemi ƴar kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski da tsumma jiƙaƙƙe a ƙarƙashin fentin.

Nura ABU: Haka ne Mushe, na manta zafin gida, hutun bara da na zo a kan tabarma na bar tub a buɗe na shiga sallar la'asar na dawo ya zama dutse.

Baba Sani Dekor: Ɗiyata ga sirrin aje buroshi. In kin gama ki wanke da kananzir ki matse, ki shafa mishi man gyaɗa kaɗan ki kwantar, shekara biyar yana nan kamar sabo.

Mushe Laouali: Baba a gafarce ni, wannan na fentin mai ne irin naku. In ta sa man gyaɗa a pinson gwash ruwa ba zai ƙara kama shi ba. Rakiya ke ruwan sanyi da sabulun wanki na sanda kawai, ki murza a tafin hannu a hankali har kumfar ta fito fara, ki gyara bakin da yatsu ki kwantar da shi ya bushe. Ban da ruwan zahi don yana narkar da kol ɗin da ke riƙe gashin, ban da Omo, ban da barin shi tsaye bisa kanshi cikin kofi. Kuma in kina tsoma fenti rabin gashin ya isa, kar ya kai ga ƙarfen.

Baba Sani Dekor: Gaskiyarka Mushe, ni duk fenti a wurina mai warin esans ne.

Hadiza mai lalle: Ni ban san pinso ba amma shekara tara ina zana lalle, kuma abin ɗaya ne. Amare na tambayata wace leda nike sawa layina ke fita siriri, ledar kowa ce, hannun ne. Wata ukku na yi ina zane bisa tire da gilashin taga kafin Innata ta bar ni in taɓa ƙafar mutum. Ki samu tsohuwar jarida ko kwali ki yi ta jan layi da ruwa zalla, ki danna ya yi kauri ki ɗaga ya sirance, kullum ko minti goma ne bayan isha'i.

Mushe Laouali: Hadiza ta ba ki darasin da ya fi nawa. Saura abu ɗaya, wace takarda kika gwada a kai?

Rakiya ta Ali Ɗan Sofo: Ta fotokopi Mushe 🙈

Mushe Laouali: To rabin laifin ba na pinson ba ne. Wannan giram 80 ce, ruwa na taɓa ta take kumbura ta yi tudu da kwari. Ki nemi takardar zane ta Canson irin ta ƴan lakkwal, akwai mai giram 180 akwai mai 224, ki ɗauki mai nauyin, ki manne gefunanta huɗu da sikoci bisa katako. Mai 300 ta akwarel ce, ba yanzu ba.

Moktar Kwalisa: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, wata rana za ta nemi Kolinsky

Mushe Laouali: Ranar da ta zana tulun nan har Abdul ya miƙa hannu zai sha ruwa, ni zan sa rabin kuɗin.

Rakiya ta Ali Ɗan Sofo: Salam, na dawo da labari. Ban jira ɗan kawu ba, ran Laraba na shiga wata libreri da ƴar robar ruwa a jaka, mai shagon ya ce shi ba a jiƙa mishi kaya, munka yi ta ja har ya yarda in na jiƙa ya yi kyau dole in saya. Na ɗauki 6 da 12 masu tsini da mai faɗi ɗaya, gashinsu ruwan zuma. Masu taurin nan huɗu na gwada ashana, ƙaurin layya sak, na ba maƙwabcinmu mai gyaran babur yana wanke sarƙa da su bayan na faɗa mishi ko na mi ne. Sauran na bar biyu na dama fenti, ƙanena ya kwashe ragowar. Jiya a aji baƙi da fari kawai mushen ajinmu ya bari munka buɗe, tulun nan dai ne kuma, amma karon farko cikinshi ya fito da zagaye har wata ta tambaye ni inda na sayi pinso. Matsala ɗaya, an kira azahar na tashi da sauri na bar lamba 6 tsaye cikin kofi, yanzu bakinshi ya karkace kamar ƙugiya 😭 ya mutu ke nan?

Abdul Zolaya: Kwana huɗu! Allah ya jiƙan lamba 6

Mushe Laouali: Bai mutu ba, nan ne na roba ya fi. Ki dafa ruwa ki sauke ya ɗan huce, ki tsoma bakin gashin kaɗai kar ƙarfen ya shiga, ki ƙirga goma ki fiddo, ki miƙar da yatsu ki shafa sabulu ya bushe a haka har gobe. Wannan kaɗai ne wurin da na yarda da ruwan zahi. Ki turo mana hoton tulun.

Baba Sani Dekor: Ɗiyata na aika yaro abatuwar, in Allah ya kai mu Juma'a bayan an sauko masallaci ki turo ƙanenki shago ya amsar miki guda ɗaya na kunnen sa. Gashin agwagwar ne ban samu ba tukuna, duk mai kiwonsu cikin gurup ɗin nan ya taimaka min da manya guda biyu na fiffike.